Kada Ka Hau Hanyar Hijira Da Jar Fitilar Batir A Kunne

'Yan'uwa Hausawa mazauna Khalidiyya da sauran unguwannin Madina, da ku nake. Direban gida, da kai nake. Ɗalibin Jami'ar Musulunci da ya yi tari ya sayi tsohuwar Corolla, da kai nake. Hajiya mai kai yara makaranta da kanki, har ke.

Yau da safe da ka tayar da mota, me ka gani a dashbod? 'Yar jar fitilar nan mai siffar batir, ta mutu bayan inji ya tashi, ko tana nan? Tana ƙyaftawa in ka kunna AC? Fitilun gaba suna dusashewa in ka tsaya a danja, su yi haske in ka taka mai? Gilashin taga ya fara hawa da ƙyar? Kana jin wani kuka siriri daga gaban inji, ko ƙaurin waya? Sau nawa aka yi maka ishtirak, wato jona batirinka da na wata mota, a watan nan? Kwana nawa ke nan kana cewa sai an yi albashi?

Ka saurare ni. Wannan fitilar, duk da hoton batir ne a jikinta, yawanci ba ƙarar batir take kai maka ba. Cewa take yi caji ya tsaya. Abin da Larabawan nan ke kira dinamo, mu a gida muke ce masa altaneta, shi ne yake ciwo. Aikin batir ya tayar da inji. Da inji ya tashi, dinamo ne ke ciyar da komai: famfon mai, fulogi, kwamfutar mota, fitilu, fankar lagireto, AC, har da sitiyari a motocin zamani da yawa. In ya daina aiki, mota za ta koma cin abin da ya rage a batir. Ba za ta tsaya nan take ba, kuma wannan ne tarkon. Za ta ci gaba da tafiya lafiya lau, wataƙila rabin awa, wataƙila awa guda. Da dare, da fitila da AC a kunne, ba za ta kai haka ba. Daga nan sai ta mutu inda ta ga dama.

Ina ne za ta mutu da kai? Kan titin Sarki Abdullah, a layin tsakiya? Ko kan hanyar filin jirgi? Ko a dajin Allah tsakanin Madina da Makka?

Ga abin da ya sa na kasa yin shiru. Wani maƙwabcina, mutumin Maraɗi, fitilar nan ta kama masa. Ya je shagon batir. Ba a gwada komai ba, aka sa masa sabon batir, ya biya. Mota ta tashi da bugu ɗaya, hankalinsa ya kwanta. Fitilar kuwa ba ta mutu ba, ya ce ai za ta mutu da kanta. Bayan kwana biyu ya ɗauki mahaifiyarsa da maiɗakinsa da yara uku za su Umra. Suka ɗaura harami a Abyar Ali bayan Isha, suka hau hanyar Hijira. Sun wuce Yatama kaɗan rediyo ya ɗauke. Sai iskar AC ta yi sanyin jiki. Sai fitilun gaba suka koma ja-ja kamar acibalbal. Sai sitiyari ya yi nauyi a hannunsa. Da ƙyar ya gangara gefe kafin inji ya mutu. Ya danna fitilun haɗari, ba ko ƙyas. Mota baƙa ƙirin a bakin titin da aka yarje wa ƙananan motoci gudun kilomita 140 a awa. Tireloli na wucewa, iskarsu na girgiza motar da tsohuwa a ciki. Shi kuwa yana tsaye a baya cikin harami, yana kaɗa tocilan wayarsa, cajinta na ƙarewa. Da ya kira ni, muryarsa rawa take yi. Sai gab da Asuba satha, motar ɗaukar mota, ta iso.

Na raka shi wajen mai gyaran wutar mota, wanda a gida muke ce wa rewaya, a nan kuma kahraba'i. Aka kwance dinamon aka buɗe a gabanmu. Mutumin ya ciro wasu 'yan gawayi guda biyu, su ake kira fahmat, ya ɗora min a tafin hannu. Sababbi sukan kai tsawon gaɓar ɗan yatsa. Waɗannan sun cinye, sun koma kamar ƙwayar masara. Ya ce da ranar farko aka kawo, su kaɗai zai canja. Amma an yi ta tafiya a haka, tartsatsi ya zaizaye zoben tagullar da suke gogawa, ya yi masa rami. Sabon batirin ma ya zuƙe ƙarƙaf, ya raunana. Gyaran da bai taka kara ya karya ba ya zama sayen dinamo, ga kuɗin satha, ga Umrar da ba a yi ba a daren. Allah Ya tsare, rai bai salwanta ba.

To da da rana ne fa? Kun san zafin garin nan. A bazara ma'auni yakan haura digiri 45. Hukuma da kanta ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, alhazai 1,301 suka rasu. Ba mu manta ba. Motar da injinta ya mutu da tsakar rana tanda ce. Minti nawa jariri zai jure a ciki? Minti nawa mai ciwon suga ko hawan jini zai jure? In gilashin na lantarki ne, da me za ka sauke shi? In motar otomatik ce, wa zai tura ta ta tashi? Ba ta tashi da turi. Tsakanin Madina da Makka kilomita sama da 400 ne, akwai inda za ka yi tafiya mai nisa ba inuwa, ba shago.

Don haka kada ka kwana. Je ka a gwada yau. Gwajin bai kai minti biyar ba. A ɗora mita a kan batir inji a kashe: lafiyayyen batir zai nuna kusan volt 12.6. A tayar da inji: ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.7. A kunna fitila da AC a sake dubawa. In ya tsaya a 12 da 'yan kai yana sauka, babu caji. In ya haura 15, cajin ya yi yawa, yana dafa batir, zai iya ƙona na'urorin motar. Ka tsaya ka ga lambar da idonka. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke rage caji da ƙara shi, waɗannan a sa musu na'urar bincike.

In wani ya ce bari ya cire kan batir inji na aiki don ya ga ko zai mutu, ka riƙe hannunsa. Wannan dabarar zamanin Fijo 504 ce. A motar yau tana iya kashe maka kwamfuta, kuɗinta kuwa ya ninka na dinamo.

Kafin a kwance komai, a duba fambel. Ya saki? Ya tsattsage? Yana ƙara da safe? A duba kan batir, ko ya yi farin gari. A duba waya da fis. Sau da yawa laifin nan yake, dinamo lafiyarsa ƙalau. Kuma ka sani, a motoci da yawa fambel ɗin da ke juya dinamo shi ne ke juya famfon ruwa. In boris ɗin dinamo ya cije, fambel ya tsinke, inji zai ɗauki zafi cikin 'yan mintoci. A nan maganar ta bar dinamo, ta koma sauke inji.

To a gyara ne ko a canja? Kada ka yanke hukunci kafin a buɗe. Ka ce a buɗe a gabanka. In gawayin ne suka cinye, ko katawut mai daidaita caji, ko boris, ko fuli, alhali kwayil ɗin tagulla na nan da jan launinsa, zoben kuma sumul, to a gyara. Dinamon asali irin Denso ko Bosch ko Valeo da aka gyara da kaya masu kyau, a ganina, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma in ka shinshina ka ji ƙauri, kwayil ya yi baƙi, ko zoben ya yi rami, ko gidan ya tsage, ko dayod sun ƙone tare da wani abin, ko an taɓa gyara shi sau biyu, to kada ka ƙara zuba kuɗi. Canja shi. In kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wani mai kyau, canja shi. In motar ta haura kilomita 150,000 da dinamonta na farko kuma kai mai yawan zuwa Makka ko Yanbu ne, ni dai shawarata ka canja gaba ɗaya. Kada a yi maka gyaran gangar Abzinawa, a gyara nan can ya ɓalle.

Wajen saye ma a yi hattara. Akwai na wakala, wato dilan kamfani, shi ne asli, ya fi tsada. Akwai tijari, wato na kasuwa, cikinsa akwai nagari akwai na banza. Akwai wanda aka sabunta. Akwai na tashlih, wato ɗan Beljiyam ɗinmu na Ƙofar Ruwa. Na tashlih ba laifi ba ne, amma ka san shekara nawa ya yi a rana da ƙura? Kada ka karɓa sai an gwada shi, sai an ba ka daman, wato garanti, na kwanaki a rubuce. Ka karɓi fatura, wato rasit. Ka duba amfiyar da ke rubuce a jikin tsohon. In naka 130 ne, kada a sa maka 80 don ya fi sauƙi. Araha ba ta ado. Ka duba ko baƙin mai na ɗiga daga saman inji a kan dinamon. In ba a toshe yoyon nan ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi. Bayan an gama a sake gwada batir, domin dinamo mai ciwo yana kashe batir, mataccen batir kuma yana wahalar da sabon dinamo.

Direban gida, na san abin da ke ranka. Kana tsoron ka faɗa wa kafil, wato maigidanka, a ce kai ka ɓata. Faɗa masa yau. Ɗauki hoton fitilar ka aika masa ta WhatsApp, ya zama shaida. Wanne ya fi: faɗan minti biyu, ko mota ta mutu da matarsa da 'ya'yansa a ciki, kai ne a kan sitiyari? Wa za a tambaya ranar?

In kuwa ta riga ta kama ka a hanya, kashe AC, kashe rediyo, cire cajar waya. Kada ka kashe inji sai ka sami wurin tsayawa mai aminci, don ba lallai ya sake tashi ba. Idonka a kan allurar zafi. In ta hau, tsaya nan take. Nufi gidan mai mafi kusa, kada ka ce bari in ƙarasa. In ta mutu, ka fitar da iyali ta ƙofar dama, su yi nesa da kwalta. Sa alamar nan mai kusurwa uku can baya. Kira 911, jami'an tsaron hanya. In wani ya galabaita, kira 997. Kada ka bar gari ba katan ɗin ruwa a but.

Kana da niyyar Umra a makon nan, fitilar kuma na kunne? Ajiye motar. Jirgin ƙasa na Haramain yana aiki tun 2018, cikin awa biyu da rabi yake kai mutum Makka. Akwai bas. Sa Hajiya da yara a ciki.

Kada ka bari sai Juma'a, yawancin masu gyara ba sa buɗewa da safe ranar. Yau bayan La'asar ka kai ta Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota. Ka ce a ɗora mita kafin a taɓa komai.