Ciwon Sukari: Jinyar da Ake Yi a Gida

Ciwon sukari, wanda wasu ke kira ciwon suga, lalura ce da ke samuwa idan sukarin da abinci ya shigar cikin jini ya taru ya yi yawa, ko dai saboda jiki ba ya samar da isasshen sinadarin insulin, ko kuma saboda ya daina amsa masa yadda ya kamata. Wata halitta da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ce take samar da insulin, kuma aikinsa shi ne shigar da sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki domin ya zama ƙarfi. Nau'i na ɗaya na ciwon, wanda ya fi kama yara da matasa, shi ne wanda insulin ke ƙarewa ƙaf, nau'i na biyu kuwa, wanda ya ɗauki kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar, ya fi bayyana ga manya. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta shekarar 2021 ta nuna cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba.

Abin da ya kamata sabon majinyaci ya fara fahimta shi ne, likita ba ya ganinsa sai sau uku ko huɗu a shekara, sauran jinyar kuwa a gida ake yin ta, tsakanin madafa da kasuwa da masallaci. Wahalar ita ce yadda mutum yake jin jikinsa ba ma'auni ba ne, domin da zarar ƙishirwa da yawan fitsari da kasala sun lafa bayan makonnin farko na shan magani, sukarin yana iya ci gaba da zama sama da kima shekara da shekaru, yana cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa, alhali mai shi yana rantsuwa cewa garau yake.

Wannan ne ya sa na'urar awon sukari ta zama kayan aiki na farko. Ana huda gefen yatsa da 'yar allura, a ɗiga jini a kan tsinken gwaji, cikin daƙiƙoƙi kaɗan lamba ta fito. Ga mafi yawan manya, abin da ake nema shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan an fara ci, a ma'aunin miligiram. Wasu na'urorin kuma da ma'aunin milimol suke aiki, kuma ana samun milimol ne idan aka raba lambar miligiram da 18, wato 180 ya zama 10. Tsinken gwajin yana da tsada, don haka wanda ba ya allurar insulin gara ya yi awo da manufa, ya gwada kafin wani abinci da kuma awa biyu bayansa, ya rubuta a ɗan littafi, har ya gane abin da kowane abinci ke yi wa jininsa. Akwai kuma gwajin asibiti mai suna HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, ana kuma son ya tsaya ƙasa da kashi 7 ga yawancin mutane, sai dai mai sikila ya kamata ya sanar da likita, tunda lalurar jinin tana iya karkatar da sakamakon.

A batun abinci ne aka fi wahalar da majinyata, domin da an ji labari kowa sai ya zama likita: wannan ya hana shinkafa, wancan ya hana tuwo, har a wayi gari mutum ba ya cin komai sai wake da alkama, ya rame, ya gaji, daga bisani ya watsar da dokar baki ɗaya. Gaskiyar magana ita ce duk abincin da ke da sitaci, wato gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da acca da doya da rogo, sukari yake komawa a cikin ciki, bambancinsu kawai a sauri ne da kuma yawan da aka ci. Tuwon alkama da aka niƙa ta yi laushi yana ɗaga sukari kamar sauran tuwo, kuma wanda ya ci malmala uku ta alkama yana ganin magani yake ci ya fi cutuwa a kan wanda ya ci malmala ɗaya ta dawa da miyar kuka mai yawa. Tsarin da masana abinci suka fi bayarwa mai sauƙi ne: rabin kwano ya zama ganye da kayan lambu, irin su zogale da rama da alayyafo da kabeji da kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake ko kifi ko nama ko ƙwai ko awara, ragowar kuma tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Tunda al'adar cin abinci a tire ɗaya tana hana mutum sanin iyakar abin da ya ci, zai fi kyau a zuba wa majinyaci nasa a kwano dabam, ya zauna cikin iyalinsa ya ci.

Abin sha ya fi abin ci saurin illa. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi takwas zuwa tara, shayin mai shayi da aka zuba wa madarar gwangwani mai zaƙi ba ya nesa da haka, koko da kunun da aka tace kuma suna shiga jini da wuri ko da ba a sa musu sukari ba. Zuma da dabino da rake suna da darajarsu, amma su ma sukari ne, jini kuwa ba ya tambayar daga inda zaƙi ya fito. Fura da nono ba ta haramta ba, matuƙar an rage furar, an yawaita nonon, an bar sukarin.

Motsa jiki ba ya buƙatar dogon bayani: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa a kwana biyar, kuma 'yar tafiya bayan cin abinci tana rage hawan sukarin da ke biyo baya.

Ga masu nau'i na biyu, maganin da aka fi farawa da shi shi ne metformin, wanda ake sha tare da abinci domin yakan ɓata ciki a kwanakin farko, kuma shi kaɗai bai cika jefa sukari ƙasa da kima ba. Maganin glibenclamide da allurar insulin kuwa suna iya yin hakan, musamman idan aka sha magani ba a ci abinci ba, ko aka yi aikin ƙarfi. Idan sukari ya sauka ƙasa da 70, sai jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa bugawa, yunwa ta taso farat ɗaya, wani ma ya rikice yana sambatu har a zaci iskokai ne. Maganinsa nan take shi ne cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake awo bayan minti 15, sannan a ci abinci. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake garzayawa da shi. Dole ne mutanen gida da abokan aiki su san wannan, domin a irin wannan hali majinyaci ba ya iya taimakon kansa.

Mutane da yawa suna ɗaukar allurar insulin a matsayin alamar cewa ciwo ya ci ƙarfin mai shi, alhali kafin Frederick Banting da Charles Best su gano shi a birnin Toronto na Kanada a 1921, yaran da suka kamu da nau'i na ɗaya ba sa daɗewa a duniya. Abin lura a ƙasashe masu zafi shi ne ajiyarsa: wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firji ba tare da ya daskare ba, wanda aka fara amfani da shi kuma yakan yi kimanin mako huɗu idan zafi bai wuce digiri 30 ba. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ana sa kwalbar cikin mazubi mai murfi a ajiye a tukunyar ƙasa da ke cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ko da zazzaɓin cizon sauro ya hana cin abinci, mai nau'i na ɗaya ba ya dakatar da allura, sai dai ya yawaita awo da shan ruwa, ya nemi likita.

Ƙafa tana buƙatar kulawa ta musamman, domin yawan sukari yana kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafi, ta yadda ƙaya ko ƙusa za ta soki mutum bai sani ba, raunin ya ruɓe har ya kai ga yanke ƙafa. Mai yin alwala sau biyar a yini yana da damar da ba kowa ke da ita ba, in dai zai tsaya ya duba tafin ƙafarsa da diddige da tsakanin yatsu, sannan ya tsane su sosai. A lokacin hunturu ana shafa mai domin kauce wa kaushi da faso, ba a miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi, ba a taka ƙasa ba takalmi ko da a tsakar gida ne, kuma ba a miƙa farce ga mai yankan farce na bakin titi da rezarsa. Duk raunin da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba na asibiti ne.

Azumin watan Ramadan kuwa shawara ce da ake yankewa tare da likita mako shida zuwa takwas kafin ganin wata, domin a daidaita lokacin magani da yawansa. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar da likitoci suka shimfiɗa ita ce a karya azumin nan da nan idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Masu juna biyu, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda sukarinsu ke yawan faɗuwa suna cikin waɗanda ake ba shawarar su karɓi sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya.

Bayan wannan, sau ɗaya a shekara ana duba bayan ido, ana gwada fitsari da jini domin ganin lafiyar ƙoda, ana kuma auna hawan jini a kowace ziyara, tunda shi da sukari sukan haɗu su jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Wasu masu nau'i na biyu da suka rage ƙiba sosai sukan ga sukarinsu ya daidaita har likita ya rage musu magani ko ya dakatar da shi, amma awo ne ke tabbatar da hakan, kuma ciwon yana iya dawowa. Masu tallar jiƙo da garin magani a tasha da rediyo da Facebook, waɗanda ke alkawarin raba mutum da sukari cikin mako biyu, ba su da wata hujja ta gwaji da ta tabbatar da iƙirarinsu, don haka duk wanda aka ba irin wannan magani ya kai wa likitansa ya gani tukuna, kada kuma ya ajiye na asibiti saboda shi.