Baƙo, Ka Tsaya Sifawa Tukuna

An ce mutanen Japan ba su barin baƙo ya fita Kiyoto, tsohon birnin sarakunansu, sai ya zaga wuraren tarihi, ya sha shayinsu na gargajiya. Mu kuwa baƙonmu, da ya ziyarci Hubbaren Shehu a Sakkwato, sai ya hau mota, ya ratsa Bodinga ko waiwaye babu.

Alhali a Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu Mujaddadi ya zauna yana karantarwa har 1815, sa'ad da ya koma Sakkwato. A nan ne cikin 1812 ya raba mulki, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauni Bodinga kafin Gwandu. Kaicon ɗan makarantar da ya haddace wannan a littafi, bai taɓa taka wurin ba!

Gaba kaɗan ga Shagari, inda aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, aka kuma rufe shi a 2018. Shi ma da koyarwa ya fara.

Malamai, ku kai yara. Maganar guzuri kuwa, ƙauyuka irin su Mandera ba su rasa furar gero da nono.