Kama da Wane Ba Ta Wane: Wayoyi da Direbobin Sabuwar Kwamfutar Tebur

Yawancin masu haɗa kwamfutar tebur karon farko, furosesa ne ke tsinka musu zuciya, saboda ɗan mitsitsi ne ga shi da tsada. Alhali ɗora shi a kan madabod ba ya cin lokaci: ka daidaita alamar kusurwa, ka sauke shi a hankali, ka danne mariƙinsa. Gumi yana karyowa ne bayan an ɗaure komai cikin akwati, aka juyo ga tulin baƙaƙen wayoyin da ke zubowa daga na'urar raba wuta, kowace da irin bakinta, wasu kuwa kamar an tsaga kara.

Tsarin da ake bi har yau, wato ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma an ƙera bakunan wayoyinsa yadda da wuya su shiga inda ba nasu ba. Babbar cikinsu mai haƙora 24 ce, ita ke ciyar da madabod. Tana da taurin kai. Sai ka tallafi bayan allon da hannu ɗaya, ka danna da ɗayan har ka ji ɗan maƙalinta ya yi ƙas. Idan ba ka ji ba, ba ta zauna ba. Ta biyu mai haƙora 8 ce, ta furosesa, kuma raminta na can ƙuryar sama ta hagu, inda yatsu ba sa kai wa da sauƙi in an riga an ɗora babbar fanka. Ita aka fi mantawa, sai a kunna a ga fankoki na juyawa amma babu abin da ya tashi.

Ga inda kama ke yaudara. Wayar katin hoto ma haƙoranta 8 ne. Bambancin shi ne ta furosesa tana rabewa gida biyu, 4 da 4, ta katin hoto kuwa 6 da 2. Layin wuta da na ƙasa a juye suke tsakaninsu, don haka wanda ya sa ƙarfi ya cusa ɗaya a gurbin ɗaya ya jawo wa kansa asara. A wannan aiki duk wayar da ta ƙi shiga, a janye ta a sake duba bakinta.

Akwai haɗarin da ya fi wannan, domin shi siffa ba ta kare ka daga gare shi. Na'urorin raba wuta na zamani da yawa ana cire wayoyinsu a mayar. Ƙarshen da ke shiga madabod ko faifan ajiya iri ɗaya ne a duk duniya, amma ƙarshen da ke shiga jikin na'urar babu wata ƙa'ida da ta ɗaure shi. Kowane kamfani da yadda yake jera haƙoransa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya ba sa jituwa. Wayar aro za ta shiga ɗaf kamar don wurin aka yi ta, sannan ta tura bolt 12 inda ake jiran bolt 5, faifai ya ƙone da duk abin da ke cikinsa. A ganina wannan ne babban gargaɗi ga mu masu sayen kayan hannu, inda mai shago zai iya zaro maka waya daga kwali ya ce ai duk ɗaya ne. Wayar da ta zo da na'urar ita kaɗai za ka yi aiki da ita. Kuma tun da an taɓo kayan hannu, a leƙa bayan tsofaffin na'urori: wasu na da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar kuwa tana wajen 220 zuwa 230. Wanda ya jona na'urar alhali makunnin na kan 115, ƙara da hayaƙi ne za su ba shi labari.

Rashin danna waya sosai ma ba ƙaramin abu ba ne. A 2022, da katin RTX 4090 na Nvidia ya fito da sabon baki mai haƙora 16 da ke iya ɗaukar wat 600, an samu rahotannin bakuna suna narkewa, kuma binciken kamfanin ya ɗora yawancin laifin a kan wayar da ba a tura ta har ƙarshe ba.

Sai 'yan mitsi-mitsin wayoyin gaban akwati, na maɓallin kunnawa da na sake tayarwa da ƙananan fitilu. Kowace bakinta bai wuce faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba, rubutun da ke jikin madabod kuma sai da tocila. A nan dole a buɗe littafin jagora a bi zanen. Wayar maɓalli ba ta da gaba ko baya, ta fitila ce ke da alamar tarawa da ɗebewa, in an juya ta ba za ta haska ba, iyakarta ke nan. Masu gyara kan taɓa haƙoran kunnawa biyu da bakin sukudireba su tayar da kwamfuta ba tare da maɓalli ba, dabara mai amfani wajen gane ko maɓallin ne ya lalace.

An gama, an kunna, allo baƙi ƙirin. Kafin hankali ya tashi, a duba inda wayar HDMI take. In akwai katin hoto, a jikinsa ake jona ta, can ƙasa, ba ramin madabod na sama ba. Furosesoshin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba su da sashen hoto sam, don haka ramin madabod ba zai ba da hoto ba. In kuma RAM ɗin DDR5 ne, kunnawar farko kan ɗauki 'yan mintuna yana gwaji. A ƙyale shi.

Bayan wayoyi sai direbobi. Direba tafinta ne tsakanin Windows da kowane sashe na ƙarfe, kuma aikinsa yana farawa tun ba a ɗauki sukudireba ba. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana neman intanet a tsakiyar girkawa. Idan bai gane sashen sadarwar sabon madabod ɗinka ba, ka maƙale: babu intanet sai da direba, babu direba sai da intanet. Mafita mai sauƙi ce, ka sauko da direban Wi-Fi da na kebul daga shafin kamfanin madabod ɗin a wata kwamfuta, ka ajiye su a filashi tun da wuri.

Bayan an shiga, a fara da direban madabod daga AMD ko Intel, sannan na katin hoto daga shafin wanda ya ƙera shi, wanda kan kai ɗaruruwan megabait, don haka a tanadi data. Sauran Windows Update zai cike. A Device Manager, duk inda aka ga alamar rawaya mai kusurwa uku, wannan sashen bai sami nasa ba. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya kuwa, ni ba na ba kowa shawararsu. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, inda kuskure ɗaya ke durƙusar da komai. Ranar 19 ga Yulin 2024, gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wadda manhajarsa ke aiki a wannan mataki, ta tsayar da na'urori kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi. In haka ta faru da babban kamfani, ina ga direban da aka tsinto a shafin da ba a san mai shi ba?

Abu biyu kan zauna a ɓoye wata da watanni. Allon da aka saya don yana kai 144 a saurin sabunta hoto yakan tsaya a 60 har sai an canza da hannu a saitin nuni. RAM ma yana gudu ƙasa da abin da aka rubuta a kwalinsa sai an kunna XMP, ko EXPO a ɓangaren AMD, a cikin BIOS. Sabunta BIOS ɗin kansa kuwa, kada a taɓa shi sai da dalili, kuma sai kwamfutar na jone da UPS ko inbata mai cikakken caji, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.