Tallafin kiwon lafiya da amanar kwamitocin gari

 

Ya ku ƴan'uwa, cuta ba ta bambanta mutumin birni da na ƙauye, amma magani yana bambantawa. A Yamai ko Maraɗi mai naƙuda za ta iya kaiwa gidan likita cikin rabin awa. A wani ƙauyen kuwa, sai an ɗaura amalanke an yi ta ratsa yashi har gari ya waye. A ma'aunin ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar, wanda gidansa bai wuce kilomita 5 daga wurin shan magani ba shi ake cewa yana kusa da likita, kuma kusan rabin jama'ar ƙasa suna bayan wannan iyaka. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan gwamnati ta ware kuɗi domin waɗannan bayin Allah, ta hannun wa kuɗin za su isa gare su?

Ɗaukar nauyin raunana daga dukiyar jama'a tsohon abu ne a Musulunci. Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya tarar da wata uwa tana gaggawar yaye ɗanta, saboda Baitulmali ba ya yanka rabo sai ga yaron da aka yaye. Sai ya canza hukuncin, ya sa a riƙa ba kowane jinjiri tun daga haihuwa. Darasin a fili yake: shugaba ya duba yadda doka ke aiki cikin ɗakin talaka, ya gyara ta.

A zamaninmu, ministocin lafiya na Afirka sun yi taro a Bamako a shekarar 1987, suka amince cewa mara lafiya zai riƙa biyan ɗan abin da ya sauƙaƙa, jama'ar gari kuma su sa ido kan kuɗin. Nijar ta kafa dokar haka a 1995. Daga nan ne aka samu kwamitocin gudanarwa da muka sani da suna COGES, waɗanda ke riƙe da asusun gidan likita tare da majo, suna sayen magani da kuɗin da suka shigo. Tsarin ya sa magani ya samu a kan kanta, sai dai wanda ba shi da ko dala ya ci gaba da zama a gida.

Daga 2001, ƙarƙashin shiri na musamman na Shugaba Tanja Mamadu, aka gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin dubu biyu a karkara. A 2005 aka ɗauke wa mata kuɗin haihuwa ta hanyar fiɗa, a 2006 kuma aka mayar da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, waɗanda ke rasuwa kafin shekara 5 sun ragu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Rai na hannun Allah, amma Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi, ga kuma albarkar sababin.

To, ina aka samu tangarɗa? Yadda tsarin yake, gidan likita zai duba yaro kyauta, ya rubuta takardar kuɗi ya aika sama, gwamnati ta biya daga baya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna yadda biyan ya riƙa jinkiri wata da watanni, wani lokaci har shekaru, bashi ya taru ya kai miliyan dubbai na sefa. Asusun kwamitoci ya bushe, magani ya ƙare, uwa ta kawo ɗanta a ce mata kyauta ne, sannan a miƙa mata takarda ta je ta saya a waje. A 2024 hukumomi sun rage kuɗin jinya da rabi a gidajen likita na gwamnati. Wannan sauƙi ne babba, amma ɗorewarsa tana rataye da abu guda: a riƙa cike gurbin kuɗin a kan lokaci.

Inda tallafi ya bi ta hannun ƙungiyoyin da jama'a suka sani, an ga amfani. A Mirya, ƙungiyar ƴan ƙasa ta BEFEN tare da ALIMA sun koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani, sai a garzaya likita. Uwar da ba ta taɓa shiga lakkwal ba ta zama ita ce mai fara gane cutar. A Damagaram kuma, a 2008, aka buɗe makarantun mazaje da taimakon asusun UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a gidan likita, sarakuna da malamai suna mara musu baya. Haka nan maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake ba yara wata-wata lokacin damina, ƴan gari ne ke bi gida-gida da shi. An buɗe musu ƙofa domin an san iyayensu.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuya biyu. Hukuma ta biya a kan lokaci, ta fara da nesa kafin kusa, kuma kada ta cika wa ƙaramar ƙungiyar ƙauye takardun Faransanci da sai mai ofis a babban birni ke iya cikawa. Idan aka yi haka, tallafin talaka zai ƙare a hannun wanda ya iya rubutu.

Mu kuma namu nauyin bai fi ƙanƙanta ba. Ranar zaɓen kwamiti, mu halarta, mu zaɓi mai gaskiya ko da ba ɗan gidan maigari ba ne. A sa mata a ciki, domin su ne ke kwana da mara lafiya. A karanta lissafin asusu a bainar jama'a, abin da ya shigo da abin da ya fita. Ƙungiyoyinmu na addini su yi rajista, su buɗe littafin kuɗi, su nemi tallafin ta ƙofarsa. Limamai su sanar da ranakun awo da rigakafi bayan salla. Unguwa za ta iya kafa ɗan asusun man mota domin mai naƙuda, kowane gida ya sa abin da Allah Ya hore masa.

Duk wanda aka damƙa wa wannan kuɗi ya sani cewa haƙƙin jinjiri ne da mai ciki, kuma za a tambaye shi ranar da babu rasit ɗin ƙarya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba shugabanninmu ikon adalci, Ya sa mu cikin masu riƙon amana. Amin.