Idan Yaro Ya Cika Shekara 18, Wa Zai Biya Masa Asibiti?

Dattawanmu na Nima da Sabon Zango da Aboabo ba su manta da shekarun 1990 ba, zamanin da ake kira cash and carry, wato sai ka ajiye kuɗi kafin a ba ka ko ƙwayar magani ɗaya. Da yawa daga cikinmu sun ga yadda aka riƙa sayar da keken ɗinki ko rago saboda jinyar mako guda. Wannan ne ya sa majalisar Ghana ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, a shekarar 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka kuma sake mata fasali a 2012.

To, amma akwai wani rami da samarinmu da 'yan matanmu ke faɗawa ciki ba tare da sun ankara ba. Doka ta yafe kuɗin shekara ga yaran da ba su kai 18 ba, da tsofaffi masu 70 zuwa sama, da mata masu juna biyu, da marasa galihu. Ranar da yaro ya cika 18 kuwa, an cire shi daga wannan layi ke nan. Kuma daidai wannan lokaci ne yake ɗaukar akwatinsa zuwa Legon ko KNUST ko UDS ta Tamale, ko ya tafi koyon kanikanci a Suwame. Uwa tana zaton makaranta ta ɗauki nauyin, yaro yana zaton katin da aka yi masa tun yana firamare yana nan da rai. Sai ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a gane kati ya mutu tun bara.

Gaskiya ne manyan jami'o'i suna da asibitocinsu. Sai dai asibitin makaranta ba ya biyo ɗalibi gida lokacin hutu, ɗan koyon sana'a kuwa ba shi da ko wannan.

Abin takaicin shi ne mun riga mun biya kaso mai tsoka. Harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ke kan kayan da muke saye, asusun nan yake shiga. Mai aikin albashi da ake yanke masa SSNIT ba ya biyan kuɗin shekara. Wanda ya rage a tsakiya shi ne matashin da ba yaro ba, ba kuma ma'aikaci ba, kuma abin da ake nema a wurinsa sau ɗaya ne a shekara.

Ba mu ce katin ya warke kowane ciwo ba. Bai shafi dashen gaɓoɓi ba, kuma mun sha jin an ce wa mai kati ya je ya sayo magani a waje. Amma ganin likita, gwajin jini, kwanciya a asibiti da yawancin cututtukan yau da kullum suna ciki.

Tun watan Disamba na 2018 ba sai an bi layi a ofis ba kafin a sabunta: a buga *929# a waya, a biya ta momo. Kada a bari sai ciwo ya zo, domin sabon shiga, da wanda ya bar katinsa ya daɗe a mace, sai sun jira wata ɗaya kafin ya fara aiki. Muna roƙon iyaye, ranar da ake haɗa wa ɗalibi gari da shito da kuɗin mota, a karɓi katinsa a duba ranar ƙarewarsa.