Kare Ya Ci Kitse Ya Kwanta: Abin da Jininsa Zai Gaya Mana

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Daura kare ma'aikaci ne. Daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'adua, shi ke gadin garke da dare, shi ke bin mafarauta daji da rani. Duk da haka, in ya kwanta ciwo, sau da yawa sai mu zuba masa ido har ya mutu, sa'an nan mu ce guba aka ba shi. Har maƙwabta sukan ɓata a kan irin wannan zargi.

Akwai wani ciwo da yakan biyo bayan kwanakin cin nama, kamar Babbar Salla ko Kirsimeti ko biki. Kare wanda ya saba da ƙanzo da ragowar tuwo, rana ɗaya sai a tara masa kitse. Kashegari sai amai, ya ƙi abinci, in an taɓa cikinsa ya yi ƙara. Wani yakan kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu sama don zafi.

A gefen tumbi, wajen farkon ƙaramin hanji, akwai wata 'yar tsoka wadda likitoci ke kira fankiriyas. Aikinta fitar da ruwan da ke narkar da abinci a cikin hanji. In ta kumbura, ruwan nan yakan fara aiki tun bai fita ba, watau ya shiga narkar da ita kanta. Yawan kitse farat ɗaya yana cikin abubuwan da ke jawo wannan.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska ba ta isa ba, gama amai da ƙin abinci alamun cuce-cuce ne da yawa: guba, ƙashi da ya maƙale a hanji, ciwon ƙoda, ko ciwon kaska. Dalilin ke nan da likitan dabbobi ke ɗibar jini.

A da, abu biyu ake aunawa, amilas da lifas. Matsalarsu ita ce ba fankiriyas kaɗai ke yin su ba, kuma sukan hau in ƙoda ta gaza. Wani karen yana da ciwon sosai, amma awon ya nuna lafiya lau. Bayan shekara ta 2000, masana a Jami'ar Texas A&M ta Amurka suka fito da gwajin da ke auna lifas ɗin fankiriyas zalla. Kamfanin IDEXX yana yin sa iri biyu. Spec cPL a ɗakin gwaji ake yi: ƙasa da maikirogiram 200 a lita lafiya ne, 400 zuwa sama yana nuna ciwon, tsakaninsu kuwa sai a sake awo. SNAP cPL kuma minti goma ya isa. In ya nuna babu, sai likita ya nemi wata cuta. In ya nuna akwai, sai ya haɗa da sauran alamu kafin ya yanke magana.

Gwajin nan yana da tsada, yana kuma bukatar firji, saboda haka ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye shi ba. Amma jinin da aka ɗiba yana da sauran labari. Da madubin likita ana ganin ƙwayar ciwon kaska a ɗigo guda, awon kaurin jini kuma yakan nuna ko ruwan jiki ya ƙare. Abin da ya fi ƙarfin asibitin gida, malamin dabbobi ya san hanyar Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom wadda aka kafa a 1924.

Magani shi ne ƙarin ruwa, da allurar tsai da amai, da ta rage zafi, sa'an nan abinci marar mai kaɗan kaɗan. Kada mu ba kare ƙwayar ciwon jiki ta mutane, gama wasunsu sukan ɓata masa tumbi da ƙoda.

Sai mu kula da abu ɗaya ƙwarai. Karen da ya sāke hali, yana dalalar da yawu, yana cizon abin da ya tarar, kada kowa ya kama shi don a ɗibi jini. Haukan kare ba a jini ake gane shi ba, sai a ƙwaƙwalwa bayan ya mutu. A sanar da malamin dabbobi nan da nan. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti ran nan.

A taron ƙungiyarmu mai zuwa, mu zaɓi mutum ɗaya wanda zai riƙe lambar malamin dabbobi, mu kuma ware ɗan kuɗi a asusu domin mota da awo. Ran yanka kuwa, mu gaya wa yara su kawar da kwanon kitse daga inda kare zai kai.