3.2 Tasirin Gas ɗin Kashin Dabbobi ga Noman Rani a Garun Malam

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, manoman Garun Malam da Kura da Bunkure suka samu damar noma gona sau biyu ko fiye a shekara: shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani. Sai dai ƙasar da ba ta hutawa takan gaji, wanda hakan ya sa suka dogara ga takin zamani, shi kuwa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2022. A nan ne batun gas ɗin kashin dabbobi ya shafi noma.

Yadda ake samar da shi kuwa shi ne, a dama kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a zuba a rufaffen rami inda iska ba ta shiga. Ƙwayoyin halitta su ke ruɓar da shi, su fitar da gas mai kamawa da wuta, wanda ake girki da shi. Bayan kimanin kwana 30 zuwa 40 sai dagwalon ya fito ta ɗaya ɓangaren.

Ga manomi, wannan dagwalo ya fi gas ɗin muhimmanci. Dalili kuwa, sinadaran da shuka ke buƙata ba sa bin gas ɗin, suna nan a cikinsa, kuma amfanin gona ya fi saurin shan su. Haka kuma ruɓewar kan kashe yawancin irin ciyawar da ɗanyen taki ke kai wa gona. Bugu da ƙari, gidan da ya samu gas zai rage ƙona kara, sai karan ya koma abincin dabbobi.

Duk da haka akwai matsaloli. Ruwa dai ba ya wuya a wannan yanki, amma ramin na buƙatar ɗanyen kashi kullum, abin da ba ya samuwa sai an turke dabbobi wuri guda. Sannan sanyin hunturu kan rage yawan gas, kuma dagwalon da aka shanya a rana yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa wannan dabara ba ta maye gurbin takin zamani gaba ɗaya, sai dai ta rage buƙatarsa, musamman ga manomin da ya haɗa noma da kiwo.